Gani Bai Kori Ji Ba: Sharhi a kan Ayyuka Biyu na Hotunan Gado daga Afirka ta Kudu

1. Gabatarwa

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Amma duk wanda ya taɓa buɗe adakar tsohuwa ya tarar da hoton mutumin da ba mai sanin sunansa a gidan, ya san cewa karin maganar nan tana da iyaka. Hoto yana nuna fuska da sutura da tsayuwa, ba ya faɗin ko wane ne, ko ɗan wa ne, ko abin da ya kai shi gaban mai hoto a ranar. A wannan maƙala za mu dubi aikin masu hoto biyu ƴan Afirka ta Kudu, Santu Mofokeng da Lebohang Kganye, waɗanda suka ɗauki tsofaffin hotunan iyali suka gina sabon aiki a kansu. Nufinmu shi ne mu auna yadda kowannensu ya yi da giɓin da ke tsakanin abin da ido ke gani da abin da baki ke riƙe da shi, domin matsala ce da ke jiran duk mai tattara tarihin baka.

2. Mofokeng: barin giɓi a buɗe

An haifi Mofokeng a 1956, ya tashi a Soweto, ya rasu a 2020. Daga 1988 ya yi kimanin shekara goma yana aiki a cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Witwatersrand, tare da masu tattara tarihin baka. A lokacin ne ya shiga bin gidaje yana neman hotunan da baƙar fata, ma'aikata da masu matsakaicin hali, suka sa aka ɗauke su tsakanin 1890 da 1950. Ya kwafe su, ya nuna su da majigi a babban baje kolin fasaha na Johannasbag a 1997, da sunan The Black Photo Album / Look at Me. A 2013 kamfanin Steidl na Jamus ya buga aikin a matsayin littafi.

Ana gane nauyin waɗannan hotuna in an jera su da na Alfred Duggan-Cronin, Baturen da aka buga kundayensa na ƙabilun ƙasar tsakanin 1928 da 1954. Shi ya nuna mutane cikin shigar gargajiya, kowane a matsayin samfurin ƙabilarsa. Mutanen Mofokeng kuwa suna tsaye da kwat da hula da doguwar riga irin ta zamanin, su suka zaɓi yadda za a gan su, a ƙasar da dokar filaye ta 1913 ta taƙaita su ga kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar noma da zama.

Ƙarfin aikin yana ga riƙon amana. Inda ya samu suna da ɗan tarihi daga masu hoton ya rubuta. Inda bai samu ba ya bar wurin haka nan. Tsakanin hoto da hoto yana jefa tambayoyi, alal misali ko wannan shiga alama ce ta miƙa wuya ga tunanin Turawa, ko kuwa hanya ce ta ƙaryata siffar da Turawan suka yi musu. Bai yanke hukunci ba, kuma daidai ya yi, don hoton kaɗai ba zai raba gardamar ba. Rauninsa, a ganinmu, shi ne bayanan sun iso ga mai kallo a taƙaice cikin Ingilishi. Ba mu jin muryar jikan da ya ba da labarin, balle harshen da ya faɗe shi da shi.

3. Kganye: cike giɓi da jiki

An haifi Kganye a 1990 a Katlehong. Mahaifiyarta ta rasu a 2010, a 2013 kuma ta fito da Ke Lefa Laka, wato "gadona ne" da harshen Sesotho. A kashin farko ta sa tufafin mahaifiyar, ta kwaikwayi tsayuwarta a tsofaffin hotuna, sannan ta ɗora sabon hoton a kan tsohon, uwa da ƴa suka bayyana tare kamar mutum da inuwarsa. A kashi na biyu ta yi shigar kakanta namiji, wanda ya bar gonakin karkara ya nufi birni, ta tsaya tsakanin hotunan dangi da aka ƙara wa girma aka manna a kwali, tana wasan labaran da ta ji a bakin ƴan uwa. A 2024 ta ci kyautar hoto ta Deutsche Börse.

Wani zai ce wannan ƙage ne, ya fita daga tarihi. Mu ba mu ga haka ba, domin ba ta ɓoye ɗinkin ba: kwalin a fili yake, ɗorin hoto a kan hoto ma a fili yake. Ta nuna abin da mai tattara labari ya daɗe da sani, cewa tunawa aiki ne da mai rai ke yi da abin da mamaci ya bari. Sai dai mai kallo ba ya samun isnadi, wato bai san wa ya faɗi wane labari ba, ko inda ƴan uwa suka saɓa wa juna. Abin da ya isa ga fasaha bai isa ga bincike ba.

Akwai wani batu da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Da ta bi sawun danginta, ta tarar ana rubuta sunan gidansu iri dabam-dabam, kamar Kganye da Khanye. Mun san irin wannan a nan: Ousmane a takardar Maraɗi, Usman a ta Katsina, alhali kaka ɗaya ne.

4. Abin da ya shafi aikinmu

Tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda aka sani daga baya da CELHTO. Birnin kuma ya yi masu hoto irin su Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwarsa a shekarun 1960 da 1970. A gidajen Damagaram da Tawa da Maraɗi akwai hotunan aure, da na aikin soja, da na katin shaida, da na haramar tafiya Makka. Daga ayyukan nan biyu muna ba da shawarwari huɗu.

Na ɗaya, a ɗauki maganar mai hoto yana riƙe da hoton, da harshensa, a rubuta sunansa da dangantakarsa da wanda ke ciki. Na biyu, a rubuta kowane suna da ƙa'idar Hausa da kuma yadda yake a takardun hukuma. Na uku, a bambanta abin da aka gani da abin da aka ji da abin da aka zata, a kuma lura da waɗanda ba su cikin kundin, musamman matan kulle da waɗanda suka ƙi hoto saboda addini. Na huɗu, a kwafi hoton da izinin masu shi, a mayar musu da na asali.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, a nan akwai darasi a shirye. Dattijon da ya zo aji da hoton mahaifinsa yana da dalilin koyon rubuta suna da gari da shekara, kuma zai kula da kowane baƙi don kada a ɓata sunan. Layi uku da ya rubuta ya ajiye tare da hoton su ne za su hana jikokinsa tarar da baƙuwar fuska a cikin adaka.