Tutocin Durham: Bikin Mahaƙa Bayan An Rufe Ramukan Kwal

Ranar Asabar ta biyu a watan Yulin kowace shekara, tun da sassafe titunan Durham, ƙaramin birni a arewa maso gabashin Ingila, kan cika maƙil. Kowane ƙauye da tutarsa da 'yan badujalarsa. Su bi ta titin Old Elvet, su tsaya gaban otal ɗin County su yi wa shugabannin ƙwadago busa, sannan su gangara tsohon filin sukuwa sauraron jawabai. 'Yan yankin Babban Taro suke ce masa. An fara shi a 1871, shekara biyu bayan kafa ƙungiyar mahaƙan kwal ta Durham.

Yau kwal ɗin ya zama tarihi. Bayan yajin aikin mahaƙa na 1984 zuwa 1985 aka yi ta rufe ramuka, har aka kai ga ramukan Easington da Wearmouth a 1993. Inda ramin Wearmouth yake a da, nan aka gina filin ƙwallon Sunderland. Amma taron bai mutu ba, kuma a ganina tuta ce ta riƙe shi.

Ba irin tutar da ake ɗagawa da hannu ɗaya ba ce. Ƙaton ƙyalle ne, galibi na siliki, mai zane gaba da baya, a rataye tsakanin sanduna biyu, sai mutane da dama sun haɗu suke iya tafiya da shi, musamman in iska ta taso. Wani ƙauyen ya zana labarin Littafi Mai Tsarki, wani gwauruwa da marayunta, wani kuma jagororin ma'aikata. Ta Chopwell har da Marx da Lenin da Keir Hardie. Sunan ramin na rubuce a sama. A da, idan rami ya ci rai a shekarar, sai a yafa wa tutarsa baƙin ƙyalle, kowa ya gani ya gane ba sai an yi magana ba. Easington kaɗai ta rasa mutum 83 a wata fashewa a 1951.

Masu suka kan ce gangamin siyasa ne kawai. Siyasa na ciki, babu musu, amma jawabin bara wa ke tuna shi? Abin da ke sa jama'a yin tsit shi ne lokacin da badujala ta ɗauki "Gresford", taken juyayin da wani mahaƙi, Robert Saint, ya tsara don tunawa da mutum 266 da suka halaka a wani rami a Wales a 1934.

Da rana kuma akan shiga babban cocin Durham da sababbin tutoci a sa musu albarka. Mutanen ƙauye ne ke karo-karo su sa a yi sabuwa idan tsohuwar ta yage, kuma da yawa daga masu riƙe igiyoyinta jikokin mahaƙa ne da ba su taɓa shiga rami ba.