A Daina Cire Wayar Agogon Mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta zube, injin Beljiyam ya fi ƙarfin direban haya. Wanda a da zai shiga Ƙofar Ruwa a Kano ya ɗauko inji sukutum, yanzu sai dai ya sauke nasa, a gyara karanshaf, a sa ringi da metal, a mayar. Wannan ya dawo wa kanikawan Gaya da Ajingi da aikin hannu na gaske, kuma ina murna da hakan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗabi'ar da ta biyo baya. An haɗa inji, an tayar, allurar agogon baƙin mai tana rawa ko jar fitila tana ƙyaftawa, sai ka ji an ce: "Alhaji, ba komai, sabon aiki ne, zai zauna." In mai mota ya matsa, a zare wayar, ko a ɗura mai kauri, a sallame shi.

Allurar nan magana take yi, kuma yadda take rawa shi ke nuna inda ciwon yake. In tana tsalle da sauri, babu ruwanta da totur, galibi laifin lantarki ne: oyil suwic ya gaji, ko an manta ɗaure wayar at tsakanin inji da bodi, ko an shafe wurin da fenti. Wannan mai sauƙi ne. In kuwa da safe tana sama, inji na ɗaukar zafi sai ta zube a silo, ka taka totur ta ɗago, to a tuhumi metal. An rage karanshaf da milimita 0.25 ko 0.50, amma metal ɗin da aka saya bai dace da awon ba, mai yana zurarewa ta gefe. In sai an taka birki ko an sha kwana take faɗuwa, ko dai man bai kai ba, ko bututun da famfo ke zuƙa da shi yana shan iska.

Akwai kuma gam. Na tsaya a wani gareji aka kwance gindin injin wata Canter da ba ta yi wata guda da gyara ba. Yaron shago ya zaro rariyar famfo ya ɗaga ta a rana, ga zaren jan gam nan ya cushe rabin idanunta, haɗe da yashi. An lafta gam ne don kada gasket ya yi yoyo, rarar ta matso ciki ta tsinke. Yashin kuwa ba sai an tambaya ba, tunda a kan buhu ake haɗa inji a ƙasa, iskar hunturu tana kaɗawa. Ƙwaya ɗaya ta isa ta maƙale bawul ɗin da ke daidaita ƙarfin mai, allura ta yi ta kai da komo.

Na san uzurin kanikawa. Direba yana tsaye a kansu, gobe Juma'a kasuwar Wudil, yana son ya yi lodi, ga bashin kayan gyara. Kuma gaskiya ne wasu suwic ɗin da ake sayarwa yanzu jabu ne tun daga kwali. Amma uzurin bai kai a cire waya ba. Golf ɗin da ke jigila a hanyar Gaya zuwa Kano, kamfanin Volkswagen suwic biyu ya sa mata, ɗaya na silo, ɗaya na lokacin da inji ya haura juyi 2,000 a minti, har da ƙararrawa. Masu ƙirar sun san cewa inji ba ya jure rashin mai ko na 'yan mintoci. Mai kauri irin 20W-50 yana iya ɗaga allura da sanyin safiya, amma ba ya cike gurbin da awo ya ɓata, kuma a zafin Afrilu da mota cike da buhunan gero asiri zai tonu, inji ya buga a tsakiyar hanya da fasinjoji.

Maganin ba shi da tsada: agogon gwaji na hannu, mai tiyo, wanda ake ɗaurawa a ramin suwic. A gwada da sanyi, a bar inji ya yi zafi sosai a sake gwadawa, a silo da kuma a totur. Tsohuwar ƙa'idar kanikawa ita ce a samu kusan psi 10 a kowane juyi 1,000. In agogon gwajin ya tsaya cak, a kira mai wayarin. In shi ma yana rawa, a kashe inji a sauke gindi, ko da direba zai yi fushi.

Ina roƙon shugabannin kanikawa na Gaya da Ajingi su sa wannan gwaji cikin sharaɗin sallamar aiki, ko da agogo ɗaya ne gareji uku za su riƙa karɓa-karɓa. Mai mota kuma, kafin ya cika kuɗin aiki, ya nemi a gwada a gabansa inji yana da zafi.