Manhajar da Ba Ta Jin Shela

Akwai wata al'ada da ta yaɗu a tsakanin masu gina manhajojin kwamfuta a wannan zamani, wadda a ganina ta cancanci a yi mata inkari a fili, ita ce ƙera manhajar da ba ta tambayar harshen mai ita sai sau ɗaya tak, a sa'ar da aka buɗe ta, bayan haka kuwa ko an sauya harshen na'urar baki ɗaya, da tsarin rubuta kwanan wata da lambobi, ita tana nan daram a kan abin da ta ji da farko, har sai an rufe ta an sake buɗewa.

Ba rashin hanyar sanarwa ne ya jawo haka ba. A Windows, da zarar mutum ya sauya yanki ko tsarin lissafi, uwar manhajar takan aika da saƙon da ake kira WM_SETTINGCHANGE zuwa ga manyan tagogin da ke buɗe, tamkar yadda sankira kan zaga unguwanni da shelar sarki, wanda ya ji ya gyara, wanda ya toshe kunne ya zauna a kan tsohon hukunci. Kwamfutocin Apple suna da irin tasu sanarwar, Qt kuwa, wanda yake cikin mashahuran ginshiƙan gina manhaja, ya bambanta labari biyu, na sauyin yanki daban, na sauyin fassarar kalmomi daban. A Linux ne lamarin ya fi tsauri, domin manhaja takan gaji harshenta tun sa'ar tashinta, shi ya sa galibi sai mutum ya fita daga asusunsa ya sake shiga. Chrome ma yakan nemi a sake tayar da shi, manhajoji masu yawa na yau kuwa a kan harsashinsa aka gina su, sun kuma gaji halinsa.

Mai zaune a Faris, wanda harshensa ɗaya ne kuɗinsa ɗaya, yana iya ganin wannan ƙaramar mas'ala ce. Amma a kwarin Komadugu, daga garin Diffa har zuwa Bosso da Yebi, inda garin Malam Fatori na Nijeriya ke tsallaken ruwa kawai, inda ake cinikin tattasai da kifi da Barbarci da Hausa, a rubuta takardar hukuma da Faransanci, a karɓi sefa da naira a kasuwa guda, balle tun daga 2015 da fitina ta cuɗa jama'ar gaɓa biyu wuri ɗaya, kwamfuta guda a shagon buga takardu tana iya yi wa mutum uku hidima kafin azahar, kowanne da ƙa'idarsa. Haɗarin kuwa ya wuce na kalmomi. Wanda ya yi karatu a Maiduguri in ya ga 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar zai karanta, wanda ya yi a Zinder kuwa ɗaya da rabi zai gani, saboda waƙafi a lissafin Faransanci shi ke raba cikakken adadi da gutsurensa. Idan taga ɗaya ta ji shela ta sauya, ɗayar ba ta ji ba, aka kwafi adadi daga wannan zuwa waccan, to an tauye mudu ba tare da kowa ya yi niyyar ha'inci ba, kuma haƙƙin manomi ne ya salwanta.

Wani abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, a watan Maris na 2025 Nijar ta ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, don haka sauya harshe a ofis zai ƙaru, ba raguwa zai yi ba. Ga shi kuma a na'urori da dama in ka zaɓi Hausa, ta Nijeriya ake miƙo maka tare da nairarta, alhali kundin Unicode na al'adun yankuna ya tanadi Hausar Nijar daban, da sefarta.

Na san uzurin magina, kuma ba na raina shi. Sauya harshe ana tsakiyar cika takarda aiki ne mai wuya, musamman in Larabci aka koma, wanda ke juya fuskar taga daga dama zuwa hagu. Sai dai wahalar aiki ba ta halatta shiru. Mafi ƙarancin wajibi shi ne manhaja ta karɓi saƙon, ta adana abin da aka rubuta, ta shaida wa mai aiki cewa lissafinta yana kan tsohon tsari. Ga ɗalibai masu koyon wannan fanni, da duk ma'aikacin da aka ɗora wa amanar sayen manhaja, ina ba da shawarar gwaji guda kafin a biya ko dala: a buɗe ta, a rubuta adadi mai waƙafi, a sauya yankin na'urar tana buɗe, sa'an nan a duba abin da adadin ya koma.