Littafin Zabura a Hannun Sabon Mai Karatu

Yau zancena da ƴan'uwa Kirista ne, amma Musulmi ma ya matso kusa, don sunan Zabura ba baƙo ba ne a kunnensa.

A nan Zermu, kamar sauran garuruwan Damagaram, ladan yana kira sau biyar a yini. Maƙwabcinka ya ji, ya ajiye hauya, ya ɗauki buta. Kai kuwa Kirista ba mai kiranka. In ka tsallake addu'ar asuba ba wanda zai sani. Gona ta ci safiya, gajiya ta ci dare, kafin ka farga Lahadi ta zagayo. Wani ɗalibina ya kawo mini wannan kuka. Ya sayi Littafi Mai Tsarki, ya fara daga Farawa, da ya kai Littafin Firistoci sai dokokin hadaya suka gajiyar da shi, ya mai da littafin cikin adaka. Na ce ya ɗauko, ya buɗe tsakiya. Nan Zabura take.

Zabura addu'o'i ne da waƙoƙi guda 150. In kana karanta ɗaya kullum, wata biyar za ka yi, wato kamar daga shuka zuwa kaka. Wannan shi ne alherinta na farko: an riga an yanka maka ita loma loma. Ta 117 aya biyu ce tak. Ta 119 kuwa aya 176 ce, kada ka haɗiye ta rana ɗaya, ka bi ta takwas takwas yadda aka tsara ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne, masu waɗannan addu'o'i sun san irin zamanmu. Ta 23 zancen makiyayi ne da tumakinsa. Ta 65 godiya ce ta manomi da ya ga ruwa ya jiƙa kunya. Ta 5 ta safiya ce, ta 4 ta kwanciya barci, ta 51 ta mutumin da ya yi laifi ya rasa bakin magana. Ta 88 ma, mai ita ya fara da kuka ya ƙare da kuka, ba a share masa hawaye ba. Na so da aka bar ta haka. Akwai ranar da mutum ba shi da abin kai wa Allah sai wannan.

To, amma littafin yana da wuyarsa. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, aka sake fassara shi a 1979. Ta biyun ta fi sauƙi a baki, ita nake ba ɗalibai shawara su nema. Duk da haka baƙaƙen ƙanana ne, da fitilar hannu sai an sha wuya. Rubutun kuma na Nijeriya ne: inda mu muke sa ƴ a aji, su 'y suke sawa. Kana iya cin karo da kalmar Sela. Ba Hausa ba ce, wuce ta kawai.

Wuya mafi girma tana cikin irin ta 109 da ƙarshen ta 137, inda mai addu'a yake roƙon masifa a kan maƙiyansa. Tun da mishan ta SIM ta sauka Zinder a 1924 Kirista ba su taɓa yawa a ƙasar nan ba, kuma ba a manta da ranar 16 ga Janairu 2015 ba, da aka ƙone majami'u a birni. Mai irin wannan tabo a zuciya, in ya karanta waɗannan shi kaɗai, yana iya sa sunan maƙwabcinsa a ciki. Ba na cewa a tsallake su. A ganina dai, a karanta su tare da Matiyu sura 5, inda Yesu ya umarci a yi wa maƙiyi addu'a, kuma a je wurin fasto ko wani dattijo a tattauna.

Batun lokaci kuwa, Zabura ba za ta tashe ka ba. Ɗalibin nan nawa ya samo tasa dabara. Kiran asuba na masallacin unguwarsu shi ne agogonsa. In maƙwabta suka fita alwala, sai ya kunna fitila, ya karanta tasa da ƙarfi don matarsa ta ji, ya ɗiga mata alama da fensir. Ranar kasuwar da ta wuce ya nuna mini, yana kan ta 41.