Maraici, Kaɗaici da Neman Asali a Cikin Littafin Shaihu Umar

Gabatarwa

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a shekarar 1933, ƙarƙashin jagorancin R. M. East, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Marubucin yana malamin makaranta a Bauci sa'ad da ya rubuta shi, bai daɗe da haye shekara 20 ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

An saba ɗaukar bauta a matsayin babban jigon littafin, kuma ba mu musa wannan ba. Amma a wannan maƙala muna so mu dube shi a matsayin labarin tasowar yaro maraya, mu ga yadda rashi da kaɗaici suka gina shi, da kuma wanda ya biya farashin wannan gini.

Tambayar da ta haifi labari

Labarin ya buɗe a Rauta, inda Shaihu Umar ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Wani almajirinsa ya tambaye shi asalinsa, sai ya zamo littafin gaba ɗaya amsa ce ga wannan tambaya. A ƙasar Hausa, in an tambayi mutum asali, yakan ambaci gari da uba, magana ta ƙare. Umar kuwa sai da ya ratsa Sahara da baki kafin ya iya amsawa, domin ba shi da gari guda ko uba guda da zai nuna.

Rashi bisa rashi

Uban Umar ya rasu tun yaron bai san shi ba. Makau, wanda ya auri uwarsa a Kagara, bafade ne da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri har Sarki ya kore shi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana, aka sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, wasu bayin Allah suka tsinci yaron suka riƙe shi, mahara kuma suka sake ɗauke shi zuwa Kano. Daga nan ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi riƙon ɗa, ya sa shi karatu.

Abin lura shi ne zubin labarin: duk hannun da ya riƙe Umar sai an fizge shi daga gare shi. Uba, mijin uwa, uwa, mariƙa, a ƙarshe har Abdulkarim, wanda guguwar rairayi ta hallaka a hamada. Abu guda ne kawai ba a iya ƙwace masa ba, wato abin da ya haddace a ka. A nan marubucin ya ajiye amsarsa: wanda ya rasa dangi da gari, ilimi ne ya zame masa asali. Sunan littafin ma shaida ne, domin laƙabin Shaihu shi ya maye gurbin sunan uba.

Wa ya ɗauki nauyin baƙin cikin?

Mai karatu na yau, wanda ya saba da taurarin da ke zayyana damuwarsu shafi bayan shafi, zai yi mamakin sanyin muryar Umar. Yana ba da labarin sace shi da rabuwa da ƙasarsa kamar mai karanta tarihin wani. Za a iya ɗaukar wannan a matsayin rauni, amma mu muna ganin dalilai biyu. Na farko, dattijo ne yake magana a gaban almajiransa, kuma malami ba ya kuka da ƙaddara a zaure. Na biyu, kunya da kawaici sun hana ɗan fari buɗe baki a kan son uwarsa. Kaɗaicin Umar yana cikin abin da ya haɗiye.

Zafin da ya ƙi fita daga bakin ɗan, a jikin uwar ya bayyana. Ita ce ta bar ɗakin aurenta ta shiga duniya nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus tana baiwa. Hamadar da ta kai ɗan ga malanta, ita ta kai uwar ga ƙasƙanci. Da suka sadu bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta cika. A ganinmu nan ne zuciyar littafin take, kuma nan ne ya fi gaskiya: marubucin bai yarda ya ba mu haɗuwar da za ta share hawaye ba.

Inda littafin ya gaza

Akwai tambayar da littafin ya tayar amma ya kauce mata. Makau, mutumin kirki, mahari ne mai kamo bayi. Abdulkarim mai tausayi, da ayarin masu fataucin bayi yake tafiya. Umar ya tashi a inuwar cinikin da ya ci uwarsa, amma ba mu ji ya tsaya ya auna wannan ba. Tawakkali ya rufe ƙofar da ya kamata tauraro ya leƙa. Haka kuma shekarun ƙuruciyarsa a Ber Kufa, inda ɗan Hausa yake rikiɗa ya zama ɗan gidan Larabawa, an ratsa su a gurguje, alhali nan ne rikicin sanin kai ya fi kamata ya yi tsanani. Ƙarshen labarin ma an yi masa gaggawa.

Kammalawa

Umar ya komo ƙasar Hausa, amma bai koma gida ba, domin babu sauran wanda zai tarbe shi. Rauta wurin zama ne da ya zaɓa, almajirai kuma su ne dangin da ya samu. Muna ba ɗalibanmu masu sha'awar rubutu shawara su sake karanta wannan ɗan littafi, su lura da yadda ake sa mai karatu ƙwalla ba tare da tauraro ya zubar da tasa ba. Tambayar da Umar bai yi wa kansa ba kuwa, tana nan tana jiran alƙalaminsu.