Maƙwabtaka da Zumunci a Lokacin Tsanani: Nazari a kan Alhaki Kuykuyo Ne

1.0 Gabatarwa

Yawancin manazartan da suka yi sharhi a kan littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda aka buga a Kano a 1990, sun fi mayar da hankali ga jigon kishi da zaluncin maza a gidan aure. Lalle wannan jigo yana nan, kuma shi ne ya fi fitowa fili. Amma akwai wani ƙaramin jigo da ke kwance ƙarƙashinsa wanda bai sami kulawar da ta kamace shi ba, watau yadda mutanen birni suke tallafa wa junansu idan wuya ta yi wuya. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan jigo, ta nuna cewa marubuciyar ta zana taimakon juna da fuska biyu. Shi ne ya hana tauraruwar labarin tagayyara, shi ne kuma ya hana ta ikon zaɓar makomarta.

2.0 Zamanin da Littafin Ya Fito

Ba za a fahimci nauyin wannan jigo ba sai an tuna da halin da birane suke ciki sa'ad da aka rubuta littafin. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP. Aka karya darajar naira, wadda kafin wannan shekara take kusan kunnen doki da dalar Amurka, har ya zama a 1990 sai an ba da wajen naira 8 kafin a sami dala ɗaya. Farashin kayan masarufi ya hau, albashi ya kasa, masana'antu suka rage ma'aikata, har ta kai ga zanga-zangar ƙin shirin a 1989. Kafin wannan kuwa, farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun riga sun koro mutanen karkara da yawa zuwa Kano.

Ƙagaggun labaran da suka gabata sun fi ɗaukar birni a matsayin wurin halaka. Alal misali, Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, gargaɗi ne ga matashin da zai bar ƙauye ya tafi neman arziki birni, kuma sunan littafin kansa ya isa hukunci. Balaraba kuwa 'yar birni ce, daga cikin gida take kallonsa. Kanon da ta zana gari ne na unguwanni da gidajen haya da kasuwa, inda kowa ya san abin da aka kwana da shi a gidan wani.

3.0 Labarin a Taƙaice

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai hali wanda ba ya ba da kuɗin cefanen da zai ishi gidansa. Suna da 'ya'ya tara. Sai ya auro Delu, mace mai zaman kanta, zama ya ƙi daɗi, ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yan, har 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu a kasuwa, dukiya ta tafi, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman Rabi ta koma. Ba ta so, amma aka taru a kanta har ta yarda.

4.0 Taimakon Juna a Matsayin Garkuwa

Abin da za a fara lura da shi shi ne, a duk tsawon wahalar Rabi ba hukuma ce ta ɗauke mata nauyin ci da sha da makarantar yara ba. Jama'ar da ke kewaye da ita da kuma guminta su ne madogararta. A nan marubuciyar ta faɗi gaskiyar zamaninta ba tare da ta yi wa'azi a kai ba.

Sana'ar da aka zaɓa wa Rabi tana da muhimmanci ƙwarai. Mai sayar da abinci a unguwa ba ta tsayuwa sai da unguwar. Jarinta ƙarami ne, ribarta ta yini ce, masu sayenta kuwa mutanen da suka san ta ne. Manazarta sun daɗe da bayyana wannan tsari. Polly Hill ta yi rubutu a 1969 a kan cinikin ɓoye da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu a ƙasar Katsina, Enid Schildkrout kuma ta nuna a bincikenta na unguwannin birnin Kano a shekarun 1970 cewa yara masu talla da aike su ne ƙafafun wannan ciniki. A labarin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, an ga yadda ƙawance da biki suke zame wa mace asusu, ta ba da gudummawa yau, a mayar mata da abin da ya fi ranar da nata ya taso. Idan aka haɗa da adashi da bashin hatsi da aron tukunya, za a ga cewa abin da Bahaushe yake kira maƙwabtaka tattalin arziki ne mai ƙa'idojinsa. Addini ma ya ƙarfafa shi, domin aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa.

Ƙarfin littafin a wannan fanni shi ne bai mayar da Rabi abar tausayi mai jiran sadaka ba. Taimakon da take samu yana tafiya ne tare da aikinta, don haka mutuncinta bai zube ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ɗaya daga hannayen nata ne.

5.0 Taimakon Juna a Matsayin Dabaibayi

Fuska ta biyu ta bayyana a ƙarshen labarin, kuma ita ce ta fi damun masu karatu. Da Alhaji Abdu ya talauce, sai ma'aunin tausayin jama'a ya juya. Shi ne yanzu mai neman agaji, agajin da aka ga ya dace da shi kuwa shi ne Rabi ta koma. Dangi da suruki, waɗanda take jin nauyinsu kuma take cin moriyarsu, su ne suka matsa mata. Hujjojin irin wannan zama sanannu ne ga kowane Bahaushe, watau darajar 'ya'ya, da haƙuri, da gudun abin da mutane za su ce.

Wasu sukan ɗauki wannan ƙarshe a matsayin rauni, su ce marubuciyar ta gina mace mai tsayuwa da ƙafarta sa'an nan ta rushe ta. Wannan hukunci bai yi wa littafin adalci ba. Ƙarshen ya fito ne daga cikin tsarin da labarin ya shimfiɗa tun farko. Wanda ya rayu da alherin jama'a ya ci bashi, kuma ba kullum ake biyan wannan bashi da kuɗi ba, wani lokaci da biyayya ake biyansa. Rabi ba ta da ikon ce wa mutanen nan a'a, domin ba ta da wata garkuwa bayansu. Daɗin daɗawa, ba a raba nauyin daidai ba. Sa'ad da aka kori mace da 'ya'ya tara, maganar mutane ba ta iya tanƙwara mijin ba. Sa'ad da mijin ya faɗi, maganar ta tanƙwara matar. Marubuciyar ba ta nuna komen a matsayin ranar murna ba, ta bar mai karatu da ɗacinsa.

6.0 Inda Littafin Ya Yi Rauni

Rauni na haƙiƙa yana wani wuri dabam. Na farko, sauƙin da iyalin Rabi suka samu ya rataya ƙwarai ga auren Saudatu da attajiri. Wannan ya rage wa jigon ƙarfi, domin yawancin matan da suka faɗa halin Rabi ba su da irin wannan suruki, tukunya da adashi ne iyakarsu. Na biyu, faɗuwar Alhaji Abdu ta zo ne ta hanyar gobara, watau sakayya, kamar yadda karin maganar da aka raɗa wa littafin ta yi alkawari. Wannan yana gamsar da zuciya, amma yana mayar da talauci al'amarin halin mutum ɗaya, alhali a shekarun nan 'yan kasuwa masu kirki da marasa kirki duk sun karye tare. Da an ɗan buɗe wa labarin taga ya leƙa tsadar rayuwar zamanin, da nauyin da unguwa ta ɗauka ya fi bayyana.

7.0 Kammalawa

An ga cewa Alhaki Kuykuyo Ne ya adana hoton yadda talakan birni yake rayuwa idan miji ya gaza kuma hukuma ta yi nisa. Fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi, wadda aka buga a Indiya a 2012, ta kai labarin ga wasu al'ummu, amma tambayar da ya tayar ta gida ce. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tsadar rayuwa ta sake jefa iyalai da yawa kan maƙwabta da dangi, ana kuma yawan yabon wannan ɗabi'a. Yabon ya dace. Sai dai ya kamata malamin da zai koyar da littafin ya sa ɗalibansa su tambayi abin da Rabi ta biya, da kuma dalilin da ya sa ita aka nema ta biya.