Waƙoƙin Siyasa da Zaɓen Majalisun Tarayya na 2015: Nazari daga Mahuta, Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna waƙoƙin siyasa na zaɓen 28 ga Maris, 2015, watau zaɓen da ya kawo ƙarshen mulkin PDP na shekara 16, ya kuma ba APC rinjaye a Majalisar Dattawa da ta Wakilai. Mun ɗauki Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a Masarautar Zuru, don misali, domin Hausa ce harshen kasuwa da na siyasa a tsakanin ƙabilun wannan yanki, waƙoƙin Kano kuwa suna isa can ta wayar hannu.

Jigo da Salo

Wanda duk ya saurari waƙoƙin wannan lokaci, musamman na Dauda Kahutu Rarara, zai tarar jigonsu guda ne: yabon Janar Muhammadu Buhari, tare da zambo da habaici ga abokan hamayya. Wannan salo gadon makaɗan fada ne, waɗanda ke kambama ubangida ɗaya su ƙasƙantar da masu ja da shi. Ta fuskar zaƙin kiɗa da saukin amshi, waƙoƙin sun ci nasara. Amma fada sarki ɗaya gare ta, alhali Majalisar Dattawa kujeru 109 ne, ta Wakilai kuma 360, kowace da mazaɓarta.

Ga mutumin Mahuta akwai zaɓi na kusa da gida, watau kujerar Kebbi ta Kudu, wadda Bala Ibn Na'Allah na APC ya ci, ya gaji Janar Mohammed Magoro. Amma waƙoƙin da suka fi yaɗuwa sun dunƙule irin wannan takara cikin kalmar "sak", ma'ana a dangwala wa jam'iyya daga sama har ƙasa. Kenan ɗan majalisa ya zama ɗan rakiya, ba a tambayi aikinsa na yin doka da tantance kasafin kuɗi ba.

Ba a daɗe ba aka ga illar haka. Ran 9 ga Yuni, 2015, Bukola Saraki ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, Yakubu Dogara kuma Kakakin Majalisar Wakilai, duk ba da son shugabannin APC ba. Har Ike Ekweremadu na PDP ya sami kujerar mataimakin Saraki. Mai zaɓen da waƙa ta koya wa cewa mutum ɗaya ne gwamnati bai da hanyar fahimtar wannan al'amari.

Kammalawa

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata manazarta su tsaya ga auna waƙar siyasa da ma'aunin azanci da yawan masu saurare kaɗai ba. Wajibi ne a tambaya: me ta sanar da talaka game da ƙuri'ar da ke hannunsa? A kan wannan ma'auni, waƙoƙin 2015 sun taimaka wajen sauya gwamnati, amma sun bar majalisa a duhu. Muna fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa bincike a kan haka.